Ganyen rogo da ɗigon aidin

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Aouda da Sokode har Dapaong ya ga gonakin doya da rogo da masara a tsakiyar Togo. Abin da ke ƙosar da mutum a cikinsu duka sitaci ne. To, a ina tsiro yake haɗa shi? Ɗalibin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, yana amsa wannan da hannunsa a darasin gwaji, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin makarantar ƙauye ba.

Ruwan aidin ne madogara. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, amma da ya taɓa sitaci sai ya rikiɗe shuɗi mai duhu, kusan baƙi. Ɗiga shi a kan yankan doya ka gani. A 1814 aka gano haka a Faransa, sannan a shekarun 1860 Bajamushe Julius von Sachs ya gwada shi a kan ganye.

Sai dai ganye ba ya ba da kai da sauƙi. Da farko a ajiye tsiron cikin duhu kwana biyu, ya cinye sitacin da ya tara. A nan ɗalibai suke gaggawa, alhali wanda ya tsallake wannan mataki ya ɓata gwajin tun kafin ya fara, don ba zai bambance tsohon sitaci da sabo ba. Daga nan a rufe wani sashe na ganye ɗaya da baƙar takarda, sama da ƙasa, a fitar da tsiron rana na wasu awoyi.

A tsinko ganyen a tsoma cikin tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, ya mutu ya yi laushi yadda aidin zai ratsa shi. Sannan a sa shi cikin alkol, ya tsotse koren da zai danne launin da ake nema. Alkol yana kama wuta nan take, shi ya sa ba a ɗora shi a murhu. Tunda a digiri 78 yake tafasa, ya isa a kashe wuta a zaunar da kwalbarsa cikin ruwan zafin. Ganyen zai fito fari-fari, ya sandare. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, a shimfiɗa a farin faranti, a ɗiga aidin.

Inda rana ta samu zai yi shuɗi, inda takarda ta rufe kuwa launin aidin kawai za a gani. A ganina wannan rufaffen sashe ne ke riƙe da gwajin. Ganye ɗaya ne, ruwa ɗaya ya sha, haske kaɗai aka bambanta. Ba don rufaffen sashen ba, mai gardama zai ce ai haka aidin yake yi wa kowane ganye. Idan kuwa duk ganyen ya yi shuɗi, kafin a zargi aidin a tambayi ɗalibi kwana nawa tsiron ya yi a duhu, kuma ko haske ya sulale ta gefen takardar.