Takardar Gwajin Jini Ba Ta Faɗin Wanda Ya Kawo Hapis Gida

A ce mace ta shekara bakwai a ɗakin mijinta. Wata safiya ta tashi da ƙananan ƙuraje masu ruwa a gabanta, suna raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, fitsari ma sai ta cije leɓe. Ta aika kemis aka sayo mata kafso, ta sha kwana biyar, ƙurajen suka fashe suka bushe. Sai a mako na biyu ta je ɗakin gwaji, aka ɗebi jininta, aka miƙo mata takarda mai ɗauke da haruffa IgM da alamar an samu. Kafin magariba takardar ta isa hannun maigida, kafin isha'i magana ta kai gidan iyaye, kowa yana tambayar wa ya kwaso. Wannan takarda kuwa ba ta da amsar tambayar, kuma tun farko ba gwajin da ya kamata a yi ke nan ba.

Cutar da ake magana a kai ita ce hapis ta al'aura. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma iri biyu ce. HSV-1 ita ce mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarta, amma tana iya sauka al'aura idan baki ya taɓa wurin. HSV-2 ita ce wadda aka fi ɗauka ta hanyar saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ta farko, miliyan 520 kuma 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ta biyu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan masu ta biyun. Akasarinsu ba su sani ba.

Maganar da ta fi yawo ita ce likita da ganin ƙurji ya san ciwon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: tarin ƙananan ƙuraje masu ruwa, masu zafi, waɗanda kan warke su dawo wuri ɗaya, duk mai ƙwarewa zai yi zargin hapis. Sai dai ido yana ruɗuwa. Gyambon tunjere, wanda galibi ba ya zafi, yana iya kama da shi. Ita kanta hapis wani lokaci tsaga ce 'yar ƙarama kamar yankan reza, ko ƙaiƙayi kawai. Shi ya sa wanda ya zo da gyambo a al'aura ake so a yi masa gwajin tunjere da na ƙanjamau a lokaci ɗaya, domin HSV-2 tana ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne a goga ɗan tsinke mai auduga a kan ƙurjin kansa, a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar da na'urar PCR. Minti ɗaya ne, da ɗan zafi, domin sai an goga gindin gyambon sosai. Wannan gwaji yana faɗin abu biyu da jini ba ya iya faɗa tare: ƙwayar tana wannan wurin, kuma ga irinta. Sanin irin na da amfani, saboda HSV-1 ta al'aura ba ta cika dawowa ba, HSV-2 kuwa ta fi yawan dawowa. Amma lokaci ne ƙashin bayansa. A kwana ɗaya ko biyun farko, ƙurji na da ruwa, ƙwayar na da yawa. Idan ya bushe ya yi ɓawo, za a iya gogawa a ce ba a ga komai ba, alhali cutar tana nan. Kunya ce ke sa mutanenmu jiran ƙurji ya lafa kafin su nuna wa likita, kuma wannan jiran shi ke ɓatar da shaida mafi ƙarfi.

Akwai masu cewa: "An yi mini gwajin ciwon sanyi, an ce lafiyata lau." Gwajin fitsari da na ruwan gaba da aka saba yi a ɗakunan gwajinmu ƙwayoyin bakteriya da na ƙaiƙayi suke nema, ba sa ganin bairos. Haka gwajin da ake yi kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, babu ruwansa da hapis. Sunan "ciwon sanyi" da muke jibga wa kowane ciwon al'aura shi ke jawo wannan ruɗani, har mutum ya sha maganin kashe bakteriya kala-kala a kan cutar da ba ta jin sa. Ƙurajen hapis da kansu suke warkewa, sai a ba kafso yabon aikin da bai yi ba. Zancen ɗaukarta a masai ma ba shi da tushe: fata da fata ne, ƙwayar ba ta daɗewa a waje.

Gwajin jini shi ne inda ɓarna ta fi yawa, don haka a tsaya a nan. Jini ba ya nuna ƙwayar, yana nuna makaman da garkuwar jiki ta ƙera domin yaƙarta. Wani cewa yake IgM, ɗaya daga cikin waɗannan makamai, alamar sabon kamu ce. Ba haka ba ne ga hapis. IgM na iya tashi a jikin wanda ya yi shekaru da cutar idan ta motsa, kuma ba ya bambance ta leɓe da ta al'aura. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙa'idojinta na 2021 ta ce kada a yi amfani da shi. Abin da ake nema shi ne wani makamin, IgG, mai bambance iri biyun. Shi ma yana da tasa iyakar. Jiki na ɗaukar makonni kafin ya ƙera shi, don haka wanda aka gwada kwana goma bayan saduwar da yake zargi, "babu" ɗinsa ba abin dogaro ba ne, sai an sake bayan mako 12. Idan kuma ya nuna HSV-1, bai faɗi ko a baki take ko a ƙasa ba, wataƙila tun ana goye da mutum wata gwaggo ta sumbace shi ya ɗauka.

Ko "akwai" ɗin HSV-2 ba koyaushe gaskiya ba ne. A gwajin HerpeSelect, wanda ya yi fice a wannan fage, ana rubuta lamba kusa da sakamakon. Idan lambar ƙarama ce, tsakanin 1.1 da 3, sau da yawa ƙarya ce, kuma ana buƙatar gwaji na biyu na wani salo kafin a gaya wa mutum yana da cutar. Saboda irin wannan kuskure ne kwamitin Amurka mai ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya ce a 2016, ya kuma nanata a 2023, kada a riƙa gwada jinin waɗanda ba su da wata alama. A ganina duk ɗakin gwajin da zai miƙa wa mutum irin wannan takarda ba tare da bayani ba ya ɗauki alhaki.

Mu koma ga matar nan da mijinta. Ko da gwajin auduga ya tabbatar da HSV-2, babu na'urar da ke faɗin ranar da ta shiga jiki ko daga wa. Ƙwayar tana laɓewa a cikin jijiyoyin da ke kusa da gindin ƙashin baya, ta yi shekaru shiru, sannan zazzaɓi ko wahala su tashe ta. Mutum na iya yaɗa ta ranar da babu ko ƙurji ɗaya a jikinsa. Tana iya zuwa daga auren baya, nasa ko nata, ko daga abokiyar zama wadda ita ma ba ta sani ba. Fitowarta yau ba hujjar cin amanar jiya ba ce.

Masu cewa gwajin ba shi da amfani tunda ba a warkewa sun faɗi rabi. Gaskiya ne babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki, kuma duk mai tallan sassaƙe ko jiƙo da ya yi wannan alkawari kuɗi yake so. Amma acyclovir da valacyclovir suna gajarta kwanakin ciwon, shan su kullum kuma yana rage dawowarsa. Sanin ya fi muhimmanci ga mai juna biyu, domin hapis na iya kashe jariri, musamman idan uwa ta kamu a watannin ƙarshe. Wadda ta san tana da ita ta faɗa wa ungozoma ko likita tun awon farko. Akan fara ba ta magani daga mako na 36, idan kuma naƙuda ta zo da ƙurji a gaba, a ciro jaririn ta hanyar tiyata.