Yaran da Suka Buɗe Ido Cikin Tashin Hankali a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka dira Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344, sunan garin kuma ya zaga duniya. Tun daga nan, duk maganar ilimi a wannan yanki sai ta koma kan katanga, jami'an tsaro da makomar makarantun kwana. Dole ta koma, tunda rai ne a gaba. Sai dai akwai wasu yara da lissafin bai cika biyowa ta kansu ba: waɗanda a wancan dare suke goye a bayan iyayensu mata. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon, a 2026 yake cika shekara shida, shekarar shiga aji ɗaya na firamare.

Me wannan yaro ya tashi ya tarar? Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi takwas na Jihar Katsina da aka fi sani da fama da 'yan bindiga, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Wata shida kafin a haife shi 'yan bindiga suka kashe mutane a ƙauyen Kadisau da ke Faskari. Bai cika shekara ɗaya ba gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumban 2021. Ƙasa ce mai albarkar masara, dawa, auduga da waken soya, amma gonaki da yawa sun kwanta saboda shiga daji ya gagara. Iyalai sun bar ƙauyuka sun rakuɓe a gidajen 'yan uwa a cikin gari, wasu a kangaye.

Shekarun da ba sa dawowa

Masana lafiyar yara sun daɗe da tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Cibiyar nazarin tasowar yara ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ƙulla sababbin hanyoyi sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Abin da ke ƙulla su kuwa a fili yake. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa masa. Ya nuna akuya da yatsa, yayarsa ta faɗa masa sunanta. Ya yi kuka, a ɗauke shi a rarrasa.

Manomin Daudawa ko Damari ya san cewa masarar da ta rasa taki a makonninta na farko, ko an zuba mata buhu guda bayan ta fitar da goyo ba za ta rama ba. Haka kwana dubun farko suke ga ɗan Adam, daga shigar ciki zuwa yaye.

Abu biyu ne suka fi yi wa wannan lokaci illa, kuma duka biyun sun haɗu a kudancin Katsina. Na farko firgici mai ɗorewa. Yaron da ake saɓa a kafaɗa da tsakar dare a ruga da shi cikin gona, ana toshe masa baki kada ya yi kuka, jikinsa na saba da zaman ɗar-ɗar. Daga baya sai a ga ya zama mai yawan razana, ko mai saurin hasala, ko ya kasa natsuwa ya saurari malami. Uwar da ta rasa miji ko aka sace mata ɗa, ita ma baƙin ciki na hana ta wasa da na bayanta. Abin da ke sassauta wannan illa, kamar yadda bincike ya nuna, shi ne yaro ya samu babba ko da guda ɗaya mai natsuwa da ke kula da shi kullum.

Na biyu yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Katsina sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne cikin 100. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin awon yara ya san yadda abin yake: ma'aikaciyar lafiya ta zagaya ɗan ma'auni mai launi uku a damtsen yaro, idan ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, to tamowa ta yi tsanani. Wanda ya tsira da ransa ma, sau da yawa yakan shiga aji da rauni a fahimta.

Matsalar ta duniya ce. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 a ƙasashe masu tasowa na cikin haɗarin rashin kai wa ga cikar basirarsu saboda talauci da tsumburewa.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Ba sai an je nesa ba. Tsafe, maƙwabciyar Faskari ta ɓangaren Zamfara, tana cikin ƙananan hukumomi biyar na Zamfara da Jigawa da ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da shirin tallafa wa masu juna biyu, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An riƙa ba mace Naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, ana kuma koya wa mata da mazajensu muhimmancin shayar da nono zalla na wata shida da yadda ake haɗa abincin yaro. Masu bincike da suka bi diddigin shirin sun tarar tsumburewa ta ragu, mata da yawa kuma sun juya kuɗin sun kama sana'a.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, Farfesa Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu. Takan zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka nemo yaran, aka tarar waɗanda aka riƙa ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Babu ginin da aka yi, babu na'urar da aka sayo.

Misalin Mombasa ta Kenya zai fi kwanta wa mutanen Katsina a rai. A 1986 shugabannin Musulmin garin, da suka ga 'ya'yansu na baya a makarantun boko, suka haɗa kai da Gidauniyar Aga Khan aka buɗe azuzuwan ƙananan yara a harabar makarantun addini. Matan unguwa aka horar suka zama malamai, ana koyar da tarbiyyar Musulunci tare da ƙirga, harshe da wasa. Tsarin ya bazu zuwa Zanzibar da Uganda.

Har inda ake gudun hijira an gwada. A Lebanon, shirin Ahlan Simsim ya koyar da yaran 'yan gudun hijirar Siriya ta wayar salula, iyaye mata na zama mataimakan malami a gida. Masu bincike na Jami'ar New York sun gano cewa cikin mako 11 yaran sun samu ci gaba a karatu da lissafi kwatankwacin na shekara guda a aji.

Doka na nan, saura aiki

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sanya rainon ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, abin da jama'a ke kira rabin aji. A taron Tashkent na 2022 ƙasashen duniya sun amince su riƙa ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga wannan mataki. Duk da haka, alƙaluman UNICEF na nuna cewa kusan yaro ɗaya ne kawai cikin uku 'yan shekara uku zuwa huɗu ke halartar irin wannan aji a Najeriya, kuma yaran birni da na masu hali ne suka fi yawa a ciki. A ƙauye, inda ma aka buɗe ajin, sau da yawa ɗaki ne cike maƙil da yara a ƙasa, malama ɗaya da bulala, ana maimaita baƙaƙen Turanci da ba wanda ya san ma'anarsu.

Alhali yankin na da abin ginawa a kai. Babu unguwar da ba ta da makarantar allo ko Islamiyya, inda ɗan shekara huɗu ke bin yayyensa. Akwai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici, waɗanda ke faɗaɗa wa yaro kalmomi da tunani. Marafan kwalba, ƙwallon goruba da karan dawa sun isa koyar da ƙirga, launi da bambancin babba da ƙarami. Gero, waken soya, gyaɗa da zogale kuwa, idan an san haɗinsu, kunu ne mai gina jiki.

Abin da ya rage shi ne gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomin uku su ware wa 'yan ƙasa da shekara shida kasonsu a kasafin kuɗi, a rubuce. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta haɗa kai da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma a horar da matan da ke zaune a garuruwan, domin baƙon malami ba ya daɗewa inda babu tsaro. A koyar da yara da harshen da suke ji, Hausa ko Fulatanci, kada a tsallake yaran ruga. Ranar awo da rigakafi ta zama ranar nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta. Hakimai, limamai da kwamitocin kula da makarantu su tabbatar an fara da marayu da 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauyukansu. Iyaye maza kuma, ko da rabin sa'a ce bayan Magariba, su zauna da ƙananan 'ya'yansu su yi musu hira, su saurari tasu.