Yadda 'yar waya ke gyara sauraron gajeren zango a Gwandu da Kalgo

A watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, rediyo jama'a da dama suka koma wa domin jin halin da ƙasa ke ciki. Manoma da makiyayan Gwandu da Kalgo sun san darajarta tun tuni, domin Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shiri a 1957, na Jamus kuma a 1963. Kukan masu sauraro dai shi ne dusashewar murya, kuma sau da yawa laifin eriya ne.

Gajeren zango yana tsakanin megahaz 3 zuwa 30. Igiyarsa takan doki wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa bayan dubban kilomitoci, kuma rana ce ke sauya yanayin wannan sashe. Shi ya sa mita 16 da 19 suka fi kamawa da rana, mita 41 da 49 kuwa da dare. Eriyar da aka auna wa zango guda, kamar mai tsawon kusan mita 15 domin mita 31, a zangonta kaɗai take da ƙarfi sosai. Mai sauraron shirin safe da na dare yana buƙatar wadda za ta kamo zanguna da yawa.

Mafi sauƙi ita ce wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 10 zuwa 20. A miƙe ta daga saman ɗaki zuwa bishiya, a sa guntun bututun roba a kowane ƙarshe don kada ta taɓa kwano ko ɗanyen reshe. Idan rediyon ƙarama ce, a naɗa ƙarshen wayar, da rigarta ta roba, sau huɗu ko biyar a jikin eriyar rediyon, domin haɗawa kai tsaye kan sa tashoshi su hau kan juna.

Cajar waya da injin sola da wasu ƙwayayen lantarki na zamani suna haddasa ƙara, don haka a nisanta wayar da su. Haɗari ne babba a ratsa ta sama ko ƙarƙashin wayar wutar lantarki. Da damina kuma, da zarar hadari ya taso, a cire ta daga rediyon a fitar da ƙarshenta waje saboda tsawa.