FASHIN BAƘI: Lambobin fuskar multimita da gaskiyar batirin sola

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta da hukumar NERC ta yi wa 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan ga duhun da ya lulluɓe jihohin Arewa na sama da mako guda a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sola ta tashi daga kayan masu hali ta koma abin da mai shago da mai aski da ɗalibi ke tara kuɗi domin su mallaka. A cikin kayan sola, batir na daga cikin waɗanda suka fi cin kuɗi, kuma shi ya fi jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Idan rigimar ta tashi, alƙali ɗaya ake kira: 'yar ƙaramar na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda masu haɗa wuta ke kira mita ko multimita. A ɗora wayoyin a kan batir, lamba ta fito, magana ta ƙare. Sai dai wannan alƙali yana da iyakar gani, kuma iyakar a rubuce take a jikin kwalinsa, inda ba kowa ke dubawa ba.

Ƙirge da rabin lamba

A kwalin multimita akan ga an rubuta “2000 counts” ko “6000 counts”. Wannan shi ne ƙirgen mitar, wato yawan matakan da fuskarta ke iya nunawa daga sifili kafin ta cika. Mita mai ƙirge 2000 tana nuna 0 zuwa 1999, daga nan ta tsaya. Ɗigon da ke raba lambobi yana matsawa dama ko hagu gwargwadon zangon da aka juya mitar a kai, amma lambobin ba sa wuce 1999. A zangon bolt 2 iyakarta 1.999, a zangon bolt 20 iyakarta 19.99, a zangon bolt 200 kuma 199.9.

Irin wannan mita ce ake cewa mai lamba uku da rabi. Gurabe uku na dama cikakku ne, kowanne na iya ɗaukar 0 zuwa 9. Na huɗu, wanda ke can hagu, ba ya nuna komai sai 1 ko ya zauna fayau, shi ya sa aka kira shi rabi. Tsarin ya bazu a duniya ne tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin Intersil na Amurka ya fito da ƙwaƙwalwar ICL7106, wadda har yau ita ko kwaikwayonta ce ke cikin arhar mitar nan samfurin DT830 da ta cika kasuwanni. Akwai kuma masu rubuta “3¾”, amma kamfanoni ba su haɗu a kan ma'anarsa ba: wani yana nufin 3999, wani 5999. Don haka ƙirge ya fi zama abin dogaro.

Lissafin bai da wuya. A raba zango da ƙirge, abin da ya fito shi ne taku mafi ƙanƙanta da mitar ke iya gani. Zangon bolt 20 a mita mai ƙirge 2000 yana ba da takun bolt 0.01. Zangon bolt 200 a mita ɗaya ɗin yana ba da 0.1, wato ganinta ya dushe ninki goma.

Inda arhar mita ke gazawa

Ga batirin ruwa mai bolt 12, irin na mota ko tubula guda ɗaya, arhar mita ba ta da laifi. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen 12.7, wanda ya kai rabi kuma wajen 12.2. Duka biyun suna ƙasa da 19.99, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Duk wanda ya ce dole sai an sayi mita mai tsada kafin a auna wannan, ciniki yake nema.

Matsalar tana farawa ne da zarar an haura bolt 20. Inbata mai bolt 24 ko 48 tana tilasta wa mita mai ƙirge 2000 hawa zangon 200, domin in an bar ta a zangon 20 sai ta nuna 1 kaɗai a gefen hagu, alamar abin ya fi ƙarfinta. Batirin da mita mai ƙirge 6000 za ta karanta 52.46 a zangonta na bolt 60, ita 52.5 za ta gani. Haka wutar gida, wadda a ƙa'ida bolt 230 ce a Najeriya: ta wuce 199.9, saboda haka sai an hau zango na ƙarshe, inda babu ɗigo ko ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni suka koma ƙera masu ƙirge 4000 da 6000.

Batirin litiyom, wanda yanzu shi ake yayi, shi ya fi tona asirin wannan rauni. Wanda ake kira mai bolt 48 galibi ƙwayoyi 16 ne aka jera, kowace mai bolt 3.2, jimilla 51.2. Halin irin wannan litiyom, samfurin LiFePO4, shi ne ƙarfinsa kusan a shimfiɗe yake a tsakiyar caji. Tsakanin ƙwayar da ke da kashi 30 cikin 100 da wadda ke da kashi 70, bambancin bai cika bolt 0.1 ba. Mita mai ƙirge 2000 ba za ta iya auna 3.2 a zangon bolt 2 ba, sai ta hau na 20 ta nuna 3.28. Mai ƙirge 6000 tana nan a zangon bolt 6, tana nuna 3.284. Ga mai neman ƙwaya ɗaya da ta fara bauɗewa daga 'yan'uwanta, wannan lamba ta ƙarshe ita ce shaidar da yake nema.

Yawan lamba ba shi ne gaskiya ba

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, kuma masu talla sun san da haka. Ƙirge yana faɗin kaifin ganin mita ne kawai, ba ya faɗin ko abin da ta gani daidai ne. Mai bibiyar siyasa ya san irin wannan: ana iya karanto kuɗin kwangila har zuwa kwabo, kuma kwabon bai tabbatar da biliyoyin da ke gabansa ba.

Sahihancin mita yana cikin ƙaramar takardar da ke zuwa da ita, a rubuce kamar haka: ±(0.5% + 2). Kashi na farko kaso ne na abin da aka karanta. Na biyu kuma yawan takun da lambar ƙarshe za ta iya kaucewa. A ɗauki mitar da ke da wannan alkawari, ta karanta 51.2 a zangon 200. Rabin kashi ɗaya cikin 100 na 51.2 ya kama wajen 0.26. Taku biyu, kowanne 0.1, sun kama 0.2. Jimilla 0.46 ke nan sama ko ƙasa, wato ainihin ƙarfin batirin na iya zama ko'ina tsakanin 50.7 da 51.7, kuma mitar ba ta saɓa alkawarinta ba. Faɗin wannan shakka ya kusa bolt guda, alhali duk tazarar da ke tsakanin kashi 30 da kashi 70 na batirin gaba ɗaya ba ta wuce bolt ɗaya da rabi ba. Mita mai ƙirge 6000 da alkawari iri ɗaya za ta rage kashi na biyu zuwa 0.02, amma kashi na farko yana nan daram.

Shi kansa alkawarin yana da sharuɗɗa. Kamfanoni sukan ɗaure shi da yanayin zafi na digiri 18 zuwa 28, da kuma shekara guda bayan an saita mitar. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin Afrilu kan haura digiri 40, balle a ɗakin batir mai rufin kwano. Sannan arhar mita tana da wata ɗabi'a da ƙwararru suka sani: idan ƙaramin batirinta mai bolt 9 ya yi sanyi, takan ƙara wa abin da take karantawa, ta mai da batirin da ya gaji kamar cikakke.

Najeriya tana da hukumomin da awo ya rataya a wuyansu. Akwai sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, akwai cibiyar kimiyyar awo ta hukumar SON a Inugu, ga kuma NEMSA mai tantance masu haɗa wuta da gwada mitocin gidaje. Amma mitar da ke aljihun mai gyara, wadda ake yanke hukuncin dubban ɗaruruwan naira da ita, da wuya a samu wanda ya taɓa kai ta saiti tun ranar da aka ɓare ledarta.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san tambayoyin da zai yi. Ƙirgen mitar nawa ne, kuma a wane zango aka ɗora ta? A nemi zango mafi ƙanƙanta da zai iya ɗaukar abin da ake aunawa. A cire batir daga caji da lodi, a bar shi ya huta kafin a auna, domin wanda aka sauke daga caja yanzu yakan nuna ƙarfin da ba nasa ba. In da hali a gwada da mita biyu.

Ko mita mai ƙirge 20,000 ce, bolt yana nuna yadda batir ya cika ne, ba yawan abin da yake iya ɗauka ba. Tsohuwar ƙwayar da aka sake wa riga za ta iya nuna 3.33 kamar sabuwa. Ana gane ta ne idan aka cika batirin, aka ɗora masa lodin da aka san nauyinsa, aka duba agogo. Batirin bolt 51.2 da aka rubuta wa 100Ah ya kamata ya ba da wajen yunit biyar na wuta, wato ya riƙe lodin wat 1,000 na sa'o'i huɗu da ɗoriya bayan an cire abin da inbata ke ci.