Shin Ko Kun San? Kamfanoni, Yara da Jiragen Ruwa

Shin ko kun san cewa sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi? Babur ɗin da ke kai ku Keffi daga Panda, da wuya a ce bai taɓa kwana a cikin jirgin ruwa ba. Mutum kusan miliyan 1.9 ne ke aiki a cikin jiragen ruwa a faɗin duniya. To, wa ke koya musu? Ku biyo ni!

Kun san akwai jirgin ruwa na yara zalla? Sunansa Optimist. Wani maƙerin jirage, Clark Mills, shi ya tsara shi a 1947 a garin Clearwater na Amurka. Babu inji, babu fetur. Ƙyalle ake ɗaura masa, iska ta tura shi. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba. Nauyinsa kilo 35, wato ko buhun siminti ya fi shi nauyi!

Wa ya biya kuɗin jiragen farko? 'Yan kasuwar garin! Kowane jirgi bai wuce dala 50 ba. Yau yara 'yan ƙasa da shekara 16 na tuƙa shi a ƙasashe sama da 100, kuma da yawa daga cikin zakarun tseren jiragen iska na Olamfik a cikinsa suka fara.

Ga wani abin mamakin. Suwizalan ba ta da teku ko taku ɗaya. Amma a 2003 tawagarta Alinghi, da kuɗin attajiri Ernesto Bertarelli, ta cinye Kofin Amurka, gasar tseren jiragen iska da ta samo asali tun 1851. A 2007 ta sake cinyewa. Ƙasar duwatsu fa!

Habasha ma haka. Ba ta da gaɓar teku, amma a Bahir Dar, bakin Tafkin Tana, wani kamfani ya haɗa hannu da jami'ar garin suna yaye injiniyoyin jiragen ruwa. Ɗalibansu na aiki a manyan tekunan duniya.

Mu dawo gida. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850. Makarantar koyon aikin jiragen ruwa tana Oron, Jihar Akwa Ibom. Jami'ar harkokin teku tana Okerenkoko, Jihar Delta, ta fara karatu a 2018. Hukumar kula da sufurin teku, NIMASA, kuwa tun 2008 take tura matasa karatu Indiya, Masar, Filifin da wasu ƙasashe. Sun haura 2,000!

Amma kun san karatun aji kaɗai bai isa ba? Dole ɗalibi ya yi kimanin wata 12 a cikin jirgi, a kan teku, kafin ya sami takardar ƙwarewa. Jiragen kuma na kamfanoni ne. Idan kamfani bai ba shi gurbi ba, karatu ya tsaya cik. Nan ne taimakon kamfanoni ya fi zinariya daraja.

Ku ji na kamfanin gas na NLNG da ke Bonny. A 2013 ya yi odar jirage shida daga Samsung da Hyundai na Koriya ta Kudu, ya sa horar da ɗaruruwan 'yan Najeriya aikin ƙera jirgi cikin yarjejeniyar. Kowane jirgi tsawonsa ya kusa mita 300. Gas ɗin da yake ɗauka sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600!

Mu ma fa ba baƙin ruwa ba ne. Kogin Binuwai ya bi ta kudancin Jihar Nasarawa, ta Loko da Umaisha. Muna da Sarkin Ruwa. Muna da bikin kwalekwale na Rigata a Yawuri. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, har da tseren kwalekwale, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙwallo da waƙa, ga Binuwai, ga Tafkin Kainji, ga yara masu son koyo. Rigar kariya, darasin iyo da kwalekwale kaɗan sun isa farawa. Ku kuma iyaye da malamai, lissafi da fizis su ne tikitin shiga. Ku gaya wa ɗan makarantar da ke gidanku tun yau!