iPod: Abin da Ido Ya Gani, da Abin da Kunne Ya Ji



A ranar 23 ga watan Oktoba na shekarar 2001, a garin Cupertino da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya tara 'yan jarida, kuma bayan ya ɗan jima yana yi musu bayani a kan kiɗa da kasuwarsa, sai ya sa hannu cikin aljihun wandonsa ya zaro wata 'yar farar na'ura, ya ce sunanta iPod, tana kuwa iya ɗaukar waƙa 1,000. An fara sayar da ita ran 10 ga Nuwamba a kan dala 399. Da yake Allah ya nufa ɗaya daga cikinsu ta zo hannuna, na jujjuya ta, na sa ta a kunne, na ga ya wajaba in ba ku labarinta, domin tun a lokacin na tabbata cewa al'amarin nan, ko da ya fara a can nesa, ba zai daɗe ba zai iso har ƙofar gidajenmu.

Adalci ne a faɗa cewa ba ita ce farau ba. Tun a 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, wanda ya koya wa duniya yawo da kaset a ƙugu. A 1998 wani kamfani na Koriya ta Kudu ya fito da MPMan, na Amurka kuma ya biyo da Rio, sai dai ba su ɗaukar abin da ya wuce 'yan waƙoƙi kaɗan. Wanda kuwa ya ɗauki da yawa, wato Nomad Jukebox na kamfanin Creative, girmansa da nauyinsa sun hana shi shiga aljihu.

Asirin dukkansu ɗaya ne, kuma ya kamata mu tsaya a kansa, don shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau. A cikin kaset, sauti yana kwance ne a jikin zare, duk sa'ad da aka juya shi zuwa wani kaset sai wani abu ya ragu, shuu ta ƙaru, har a kai ga na biyar ko na shida an daina rarrabe muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Amma a faifan CD, an auna sautin ne sau 44,100 a kowace daƙiƙa, an rubuta kowane awo da lambobi, lamba kuwa ko sau dubu aka naƙalto ta ba ta tsufa, ba ta dusashewa. Matsalar ita ce lambobin suna da yawan gaske. Sai masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka yi nazarin kunnen ɗan Adam, suka lura cewa idan ƙara mai ƙarfi da mai rauni suka zo tare, mai ƙarfin yakan danne mai raunin har kunne bai san da shi ba. Saboda haka suka zubar da abin da kunne ba ya ji, suka bar abin da yake ji, sai ga waƙa ta koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Wannan hikima ita ake kira MP3. Lalle wanda ya yi tunani a kan wannan zai ƙara ganin ƙudurar Wanda ya halicci kunnen.

To, ga na'urar a hannuna. Tsawonta kimanin santimita 10, faɗinta 6, kaurinta 2, nauyinta giram 185, tafin hannu yana riƙe ta ba wahala. Fuskarta fara ce sol, bayanta kuwa ƙarfe ne goge mai sheƙi, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, yana kuma ganin shatin yatsunsa da zarar ya taɓa. A sama akwai ɗan allo mai baƙin rubutu, mai fitila don dare. Ƙarƙashinsa akwai wani da'ira da ake juyawa da babban yatsa, da madanni ɗaya a tsakiyarsa, huɗu kuma kewaye da shi. Wannan da'ira, a ganina, shi ne ya fifita ta a kan 'yan'uwanta. In ka juya shi a hankali, sunaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗan ƙas ɗinsa, kamar mai jan carbi. In ka ƙara sauri, su ma sai su ƙara gudu, har ka ratsa ɗaruruwan sunaye kafin ka sauke numfashi. Ka zaɓi mawaƙi, ka zaɓi waƙarsa, ka danna tsakiya, sai sauti ya cika maka kai ta wasu 'yan fararen abin sa wa a kunne, tas, babu shuu, babu rawar murya irin ta rikoda idan batir ya fara sanyi. Duk wanda ya taɓa ɓata rabin sa'a yana mai da kaset gaba da baya don neman baiti guda, ko ya sa biro yana naɗe zaren da rikoda ta tauna, shi ne zai san girman wannan ni'ima. Domin tara abu da yawa ba shi ne fa'ida ba, fa'ida ita ce ka same shi a lokacin da kake bukatarsa, kuma ma'abota littattafai sun fi kowa sanin haka.

A cikinta akwai wani ɗan faifan ajiya na kamfanin Toshiba, faɗinsa inci 1.8, mai ɗaukar gigabait 5. Ba kullum yake juyawa ba: yakan tashi ya ɗebo abin da zai kai minti 20 ya zuba a wata ma'ajiya marar motsi, sa'an nan ya kwanta, shi ya sa ko mutum yana sassarfa waƙa ba ta tsalle, batir kuma yana kai sa'a 10. Waya guda ce, ana kiranta FireWire, ke shigar da waƙoƙi daga kwamfuta, ita ce kuma ke yin caji, kamfanin ya ce tana juye faifan CD sukutum cikin daƙiƙa 10.

Amma lissafin nan na waƙa 1,000 yana bukatar sharhi. An yi shi ne bisa waƙoƙin Turawa masu kimanin minti 4, wato jimla minti 4,000, sa'a 66 da 'yan kai, daidai da kaset 44 na minti 90. Mawaƙanmu kuwa ba su san wannan takurawa ba. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, in ya ɗauko Bakandamiya ba ya duban agogo, haka Alhaji Musa Ɗanƙwairo in ya shiga yabon sarki. Saboda haka Bahaushe ya yi lissafinsa da sa'o'i, kada ya yi da adadin waƙoƙi. Ko da hakan, abin ta'ajibi ne, tun da saukar Alƙur'ani cikakkiya, irin wadda Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya fara naɗa a Masar a 1961, wadda a da sai an yi mata akwati guda, za ta shiga cikin wannan 'yar aba. A nan ma wata mas'ala ta taso, wadda nake miƙa wa malamanmu: mene ne ladabin ɗaukar na'urar da ke ƙunshe da karatu mai tsarki, alhali tana cikin aljihu ana shiga ko'ina da ita, wataƙila ma tana gauraye da kiɗe-kiɗe?

Ba zan ɓoye muku naƙasunta ba. A 2001 dala 399 ta haura naira 40,000, albashin watanni ke nan ga ƙaramin ma'aikaci a lokacin. Ba ta da rediyo, ba ta ɗaukar magana, batirinta a rufe yake ciki ba a musanya shi da na kanti. Mafi girma duka, ba ta da amfani sai da kwamfuta, kwamfutar ma a lokacin sai ƙirar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ko a Amurka tsiraru ne ke da ita a wancan zamani. Akwai kuma abin da ya fi damuna, ko da yake tun zamanin Walkman ake kuka da shi. Mu a lokacin mun saba sauraro cikin jama'a: rikoda guda a teburin mai shayi ko a zaure, wannan ya ce a maimaita, wancan dattijo ya fassara wa yara habaicin da mawaƙi ya yi da wanda aka yi dominsa. Wanda ya toshe kunnuwansa biyu ya sami tsabtar sauti, amma ya rasa mai yi masa sharhi, ya kuma rasa jin sallamar ɗan'uwansa.

Sai maganar haƙƙi. A watan Yulin 2001 ne Napster, inda miliyoyin mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, ya rufe bisa hukuncin kotu a Amurka. Don haka Apple ya manna gargaɗi a jikin kowace sabuwar iPod cewa kada a saci kiɗa, ya kuma tsara manhajarsa ta iTunes yadda waƙa za ta tafi daga kwamfuta zuwa na'ura, ba ta komowa. Mu da muka ga mawaƙanmu sun tsufa hannu wofi alhali kasusuwansu na cika kasuwanni, bai kamata mu ɗauki wannan gargaɗi da wasa ba, domin guminsu haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu.

Hukuncina a wancan lokaci shi ne, na'ura ce kyakkyawa ƙwarai, wadda aka ƙera da basira, amma ba ta kai lokacin da talakanmu zai saye ta ba. Sai dai tsada ba ta dawwama a kan kayan lantarki; rediyo ma da can sai gidan sarki da na attajiri. Ranar da irin wannan ta yi araha, kaset zai bi hanyar garmaho, kuma duk muryar da ba a mai da ita lambobi ba, to babu inda za ta shiga. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello a Kaduna, da na Shaihu Nasiru Kabara a Kano, da waƙoƙin Narambaɗa, da wa'azin malaman ƙauye waɗanda ba a san su a birni ba, a lokacin mafi yawansu suna kwance a kan zare, zafi da ƙura da damina suna cin su a hankali, masu su kuwa da yawa sun riga mu gidan gaskiya, ba za a sake naɗa ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin gidajen rediyonmu, da jami'o'inmu, da iyalan malamai da na mawaƙa, da kai mai sauraro da ke da kwalin tsofaffin kasusuwa a ƙarƙashin gado: ku fito da su, ku kakkaɓe, ku rubuta sunan mai magana da wuri da shekara a jikin kowanne tun akwai masu tunawa, ku ajiye su nesa da rana da laima, ku nemi mai kwamfuta amintacce ya juye muku su da izinin masu haƙƙi. A fara da waɗanda suka fi tsufa.