Daraja da Ƙarko: Motocin Ƙasashen Duniya a Hanyoyin Fakku, Kebbe da Tambuwal

Da ma'auni biyu ake auna mota: daraja da inganci. Daraja ita ce kwarjinin da take ba mai ita idan ya iso wurin ɗaurin aure ko ya tsaya a ƙofar fada. Inganci kuwa shi ne shekarun da za ta yi tana aiki, da yawan man da take sha, da sauƙin samun kayan gyaranta. Ba kullum ake samun biyun a mota ɗaya ba. A yankin Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, bambancin yana fitowa fili, domin da zarar mota ta bar babban titin Sakkwato zuwa Jega wanda ya ratsa Tambuwal, hanyoyin ƙauye ne ke jiranta: rairayi da ƙura da rani, laka da zaizaya da damina, ga zafin bazara da ke haura digiri 40.

Faransa ce ta daɗe tana riƙe da waɗannan hanyoyi. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma Fijo 504 ta zama motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, kuma motar haya. Tana da tsawon ƙafa, ƙasanta ba ya saurin dukan tudu, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya. Bakanike na gindin dogon-yaro zai kwance kaburata, ya wanke ta da fetur a cikin kwano, ya mayar, mota ta tashi kafin la'asar. Akori-kurarta ta kwashi gero da dawa da dabbobi daga kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar Fijo ta yi sanyi, motocin hannu daga Turai suka cika ƙasa ta hanyar Kwatano.

A fagen daraja, Jamus ce kan gaba. Karl Benz ya yi wa motarsa ta farko rajista a 1886, kuma har yau Marsandi ce motar da ake dangantawa da sarauta da dukiya. BMW da Audi suna bin sahu. Ƙarfinsu yana cikin laushin tafiya, da gudu a kan titi mai santsi, da kariya lokacin haɗari. Sai dai sababbin samfuransu cike suke da na'urorin lantarki, sai an jona kwamfuta kafin a gano inda matsala take. Mai irin wannan mota a Kebbe yakan nemi gwani a Sakkwato ko Birnin Kebbi, wani lokaci kuma ya jira kayan gyara daga Kano ko Legas. Amma Jamus tana da wata fuska da talaka ya fi sani. Tsohuwar Golf ta kamfanin Volkswagen tana cika tasha ranar kasuwa: fasinja a gaba da baya, buhunan albasa a but, an ɗaure murfin da igiya, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, duk da haka tana kai kaya. Haka gingimarin Marsandi 911 mai bodin katako, irin wanda masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta harhaɗa, ya yi suna wajen jure lodi.

Idan ana batun ƙarko, direbobi da bakanikai sukan fara da Japan. An kafa kamfanin Toyota a 1937. Ya fitar da Corolla a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Hilux ta fito a 1968. Akwai dalilai biyu na wannan suna. Na farko tsarin aiki ne: a masana'antar Toyota, ma'aikacin da ya ga aibi yana da ikon tsayar da layin haɗi har sai an gyara, don kada aibin ya bi mota zuwa kasuwa. Na biyu, kamfanin ba ya gaggawar sauya injin da ya riga ya karɓu, saboda haka kayan gyara iri ɗaya sukan shiga motocin shekaru da dama, kuma ana samun su a kusan kowane shagon safaya. Shi ya sa Hilux ta zama motar ma'aikatan lafiya da na tsaro da na aikin gona, Hiace ta zama bas ɗin doguwar tafiya, Kanta ta kamfanin Mitsubishi kuma ta gaji aikin ɗaukar hatsi. Honda Accord ta samu karɓuwa ƙwarai a Arewa saboda kyan gani da sauƙin mai, ko da yake ƙasanta bai da tsawo, kuma ƙafarta ta gaba tana son kulawa a hanya mai ramuka.

Japan ba ta tsaya a ƙarko kaɗai ba. A 1989 Toyota ta ƙirƙiro Lexus domin ta kara da Marsandi, sannan Land Cruiser da Prado suka zama motocin gwamnoni da 'yan majalisa da sarakuna. A nan ne daraja da inganci suka fi kusantar juna, farashin ne kawai ya yi nisa da yawancin mutane.

Motocin Amurka, irin su Ford da Chevrolet da Jeep, an ƙera su ne don manyan tituna da ƙasar da fetur ke da araha. Suna da faɗi da ƙarfin inji, amma suna shan mai, kuma kayansu ba su yawaita a wannan yanki ba. Ingila tana da Rolls-Royce da Range Rover, waɗanda darajarsu ta kai ƙololuwa, sai dai riƙe Range Rover yana cin kuɗi sosai.

Koriya ta Kudu ta shigo da Hyundai da Kia a matsayin motoci masu rahusa, a hankali kuma ingancinsu ya ƙaru. Sin ta fi kowa saurin hawa: a 2023 ta wuce Japan a yawan motocin da ake fitarwa ƙasashen waje. Manyan motocin Howo na ɗaukar siminti da yashi sun riga sun zama gama-gari a titunan Najeriya, ƙananan motocinta kuwa har yanzu suna neman amincewar masu saye, musamman kan kayan gyara da farashin sake sayarwa. Indiya ta ci kasuwar ƙauye ta wata hanya: babur Boxer na kamfanin Bajaj shi ke kai mara lafiya asibiti inda mota ba ta shiga da damina. A gida Najeriya kuma akwai Innoson a Nnewi, da sabuwar masana'antar Fijo ta haɗin gwiwa da Dangote, wadda ta fara aiki a Kaduna a 2022.

Sunan ƙasa kaɗai ba ya isa hukunci a yau. Kamfanin Tata na Indiya ne ya mallaki Land Rover tun 2008, BMW ke da Rolls-Royce, Geely na Sin kuma ya sayi Volvo ta Suwidin a 2010. Yawancin Camry da Accord da ake shigowa da su daga Amurka a can aka ƙera su, a jihohin Kentucky da Ohio. Bugu da ƙari, mafi yawan motocin da ke isowa Tambuwal da Kebbe na hannu ne, wasu sun yi haɗari ko sun nutse a ambaliya kafin a yi musu fenti. Tarihin motar ya fi tambarinta muhimmanci. Shi ya sa mai hankali yake zuwa wurin dillali da bakanikensa, a leƙa ƙasanta don neman tsatsa da walda, a duba launin baƙin mai da hayaƙin salansa, a saurari giya, a tabbatar da takardun kwastan.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, lissafin ya ƙara karkata ga ƙaramin inji mai silinda huɗu. A taƙaice, Jamus da Ingila suna riƙe da daraja, Japan tana riƙe da ƙarko da farashin sake sayarwa, Koriya da Sin suna gasa da rahusa, Faransa kuma tana ƙoƙarin dawo da kasuwar da ta taɓa mallaka. Ga mai saye a Fakku, tambayoyi uku ne ke raba gardama: wace hanya motar za ta riƙa bi, wane bakanike ne kusa da ya iya ta, kuma nawa za ta ci a wata na mai da gyara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma motar da ta amsa waɗannan tambayoyi ita ce ta dace da mai ita.